Ranar da Baffa Ya Yi Mana Sallama

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baffa ya yi sallama a ƙofar gidanmu ba. Tun daga bakin rijiya ake jiyo muryarsa, yana tafe bisa jakinsa, ƙafafunsa na jan ƙasa don tsawo, yana kiran babana da sunayen da in wani ne ya faɗa sai an raba su da sanda.

"Ina bawan nan nawa, mai ciki kamar rumbu? Hito ka kama mini jaki."

Babana kuwa ko yana tsakiyar alwala sai ya ajiye buta ya amsa. "A ɓoye awaki, ɓarawo ya shigo gari. Kai Buzu, yaushe rabonka da ruwa? Tun daga nan nike jin tsaminka."

Sa'an nan ya fita ya kama jakin, ya ɗaure, ya ba shi ruwa.

Baffa Buzu ne, kuma gwaggon babana ce ta haife shi. Ita aka aurar can zangon Buzaye da ke gindin dutse, gabas da ƙauyenmu, tsakanin garin Buza da Babankatami. Wato shi da babana taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma wasa tsakaninsu hakki ne, gadonsa suka yi kamar yadda ake gadon gona. Mutanen zangon suna noma kamar mu, suna kuma kiwon shanu. A gida Buzanci suke yi, a kasuwa kuwa Hausarsu ba ta da maraba da tamu. In an gama girbi sai su kawo shanu gonakinmu su ci kara su bar mana taki, mu ba su dammunan gero, su ba mu nono da cuku. Auren da ke tsakaninmu ba na gwaggo kaɗai ba ne, don haka wasan ya game gari da zango baki ɗaya. Kowa na da nasa Buzun da yake zagi, kowane Buzu na da nasa Bahaushen.

Wasan yana da dokokinsa, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana su. A gaban mutum ake faɗa, ba a bayansa ba. In ka faɗa sai ka tsaya ya rama. Ba a taɓa uwa, ba a taɓa wani ciwo da mutum ke fama da shi. Wanda ya yi fushi kuwa shi ya faɗi, sai ya yanka zakara a ci. Babana da Baffa sun tsufa suna wannan abu, kuma ban taɓa cin zakaran ko ɗayansu ba.

Abin da zan faɗa ya faru 'yan shekaru bayan an samu mulkin kai. A lokacin ina da aure da 'ya'yana, gidan mijina danga ɗaya ce ta raba shi da na babana. Innarmu ta riga ta rasu, ni ke kai masa tuwo, ni ke share masa ɗaki. Saboda haka abin da na faɗa a nan da idona na gani, in ban gani ba zan ce an gaya mini.

A wannan damina ruwa ya yi mana rowa, gero ya fitar da kai da kyar. Ana saura kaɗan a yi girbi sai wasu shanu suka faɗa gonar wani maƙwabcinmu suka share ta. Shanun wasu matafiya ne da ke gangarawa kudu, ba wanda ya san su, kuma kafin a farga sun yi nisa. Mai gonar yana da ɗa saurayi, shi ke kaɗa gangar noma in ana gayya. Allah ya ba yaron nan murya, wannan ba zan hana shi ba. Kuma ciwonsa na gaskiya ne, don abincin gidansu na shekara ne ya tafi a cikin shanu. Sai dai waɗanda suka yi ɓarnar sun tafi, Buzayen da ke kusa kuwa su ne na gindin dutse.

Ya shirya waƙa. Wallahi ranar da na fara jin ta sai da na yi dariya, don kalmomin babana ne ya kwashe tsaf, ɓarayin awaki, masu gaba da ruwa, masu kwana da shanu. Amma ya ƙara mata wutsiya. Ya ce su ƙuduji ne, ciyawar nan mai shanye gero a gona, a tuge su har saiwa kafin su kashe gona. Duk manomi ya san ƙuduji, ya san ba a yi masa magana, hannu ake sa masa. Yana kaɗawa a dandali da yamma, samari na amsawa, kuma babu Buzu ko ɗaya a wurin da zai rama. Kafin kaka ta wuce waƙar ta shiga kowane gida. Wata rana na ji 'yata, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, tana daka ƙasa a gwangwani tana cewa a tuge su har saiwa. Na make mata baki, ta yi kuka, ba ta ma san laifinta ba.

Babana ya je ya sami uban yaron ya ce a tsawata masa. Aka ce masa waƙa ce kawai, kuma ai shi babana ne babban mai zagin Buzaye a garin. Ya dawo gida, tuwon ma rabi ya ci.

Da rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya a rijiya, sai an jira ya taru kafin a ɗiba. Wata rana da hantsi autan Baffa ya kawo shanu shayarwa, kamar yadda ubansa da kakansa suka saba. Samarinmu na nan suna jiran ruwa. An gaya mini da waƙar suka fara, suna tafi, shi kuma yana murmushi don ya ɗauka wasa ne, har ya buɗe baki zai rama. Sai wani ya yanke masa igiyar guga, aka rufe shi da duka. Abin da na gani da idona shi ne lokacin da aka wuce da shi ta ƙofar gidanmu a kan jaki, hannunsa na dama yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. An kai shi wurin maɗori, an yi abin da za a iya, amma hannun bai sake miƙewa ba.

Bayan 'yan kwanaki kwamanda, mai mulkin yankinmu, ya zo daga Buza da gardawansa, wato dogaran gwamnati. Ɗan ƙasa ne, saurayi, ba Nasara ba, ko da yake sunan kujerar bai canza a bakinmu ba. Aka tara gari da zango a gindin gawon ƙofar maigari. Mu mata muna bayan danga, ni kuwa na sami rami a zana na kafa ido. Waɗanda suka yi dukan ba su ɗauki lokaci ba, aka ɗaure su gefe. Maganar da ta ja rana ita ce ta makaɗin, domin ranar da aka yi abin ba ya ma garin, ya tafi kasuwa.

Ya tashi ya ce, "Ranka shi daɗe, ni waƙa na yi, ban ɗauki sanda ba. Bakina nawa ne, gonarmu ce anka cinye, ba ni da ikon in yi kuka? Kuma ba abin da na hwaɗi wanda tsohon ga bai hwaɗi ba kowace ranar kasuwa, gaban kowa, ana dariya." Ya nuna babana da yatsa.

Na ji kamar ni aka mara. Da namiji ce ni da na tsallake dangar nan. Babana ya miƙe a hankali, ya ce, "Ni a gabanshi nike hwaɗi, shi rama, mu sa hannu akushi guda. Kai wa ka ba wuri shi rama? Kuma tun da nike ban taɓa cewa a tuge kowa ba."

Wasu suka ce gaskiya ne. Wasu suka ce ai zagi zagi ne, in za a kama yaro a kama tsoho. Wani dattijo ya ce in an hana mawaƙi magana, gobe wa zai gaya wa maigari ya yi ba daidai ba. Liman ya ce wanda ya hura wuta da wanda ya zuba kara duk za su amsa tambaya. Aka yi ta ja, kowa na da ɗan abin da ya riƙe na gaskiya. Baffa na zaune, amawalin rawaninsa ya rufe masa fuska har ƙarƙashin ido, yadda mazansu ke yi. Da kwamanda ya tambaye shi abin da zai ce, sai ya ce, "Ɗana ba shi iya ɗaga guga."

Kwamanda ya juya wajen babana, da ladabi ya yi masa magana. Ya ce, "Baba, na ji ka, kuma na yarda abin da kake yi daban ne. Amma gardina kunne gare shi kawai, ba ya iya leƙa zuciyar mutum ya ga wasa ne ko ƙiyayya. Yau hannu ne, gobe rai ne, kuma ni za a tambaya." Sa'an nan ya yanke. Daga ranar, duk wanda ya ambaci asalin wani da zagi, a waƙa ne ko a magana, da wasa ko da gaske, sai kaso, wato kurkuku, a Buza. Aka farke gangar a gaban jama'a, aka tafi da makaɗin tare da sauran, aka ɗora wa maigari ya sa kunne, shi kuma ya sa yaronsa ya riƙa kai rahoto.

Ni da mijina mun sha musu a kan wannan doka, har akwai ranar da na kife masa ƙwaryar fura. Shi ya ce an huta, kuma ba zan yi ƙarya ba, an huta ɗin. Waƙar ta mutu, 'yata ta manta da ita, ba a sake fasa kan kowa a rijiya ba. Duk lokacin da na tashi da faɗa sai ya ce in je in dubi hannun yaron nan in dawo. Amma na san abin da na gani. Mutum na farko da dokar ta ci bayan makaɗin wata tsohuwa ce mai sayar da kuka da daddawa, wadda ta ce wa Buzuwar da ke kawo mata nono tun suna 'yan mata, ke ɓarauniya, yau ma kin tsuga ruwa. Wani mai jin haushinta ya kai magana, gardawa suka zo suka tafi da ita. An gaya mini Buzuwar ta bi su a ƙasa har Buza tana rantsuwa wasa ne, ba a saurare ta ba, sai da tsohuwar ta yi kwanaki tana sharar harabar biro, wato ofishin kwamanda. Daga nan bakin kowa ya mutu. A kasuwa sai ina kwana, ina gajiya, nawa ne, a rage. Ba faɗa, ba dariya.

Baffa ya ɗauke ƙafa har damina ta sauka. Ranar da ya dawo ina tsakar gidan babana ina tankaɗe. Ban ji komi daga bakin rijiya ba, sai dai na ji murya ƙasa ƙasa a ƙofar zaure.

"Salamu alaikum."

Na ɗauka baƙo ne. Babana ma haka, har ya ce in duba ko mai neman hanya ne. Da ya fita ya ga wanda ke tsaye, riƙe da igiyar jakinsa da kansa, sai ya tsaya baki buɗe. Can ya amsa sallamar. Ya koma ɗaki ya ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake shimfiɗa wa malamai, ya shimfiɗa. Mutumin da a da babana ke ce wa ya zauna a ƙasa kada ya sa wa tabarma ƙwarƙwata. Suka gaisa, ina gida, ina iyali, ina ruwa, ina dabbobi, ya mai hannu. Da gaisuwa ta ƙare na kawo fura suka sha kowa da ludayinsa, Baffa ya ce an gode, Allah shi yi albarka. Na koma madafi na zauna na yi kuka, don ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan godiya ba.

Haka aka ci gaba. Zumunci bai yanke ba, shanu na zuwa gona bayan girbi, gero na tafiya zango. Amma babana ya soma lalacewa a idona. Ranar kasuwa yakan zauna a ƙofar gida tun safe yana kallon hanyar rijiya, in Baffa ya iso ya yi sallama sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Sau ɗaya ya gwada wata dabara wadda ba ta buƙatar baki. Ya ɓoye takalman Baffa a cikin rumbu kamar yadda yake yi a da, ya zauna yana jiran a ce masa ɓarawo. Baffa ya duba nan, ya duba can, ya ce ba komi, wataƙila kare ne ya ja. Ya hau jakinsa ba takalmi ya tafi. Da yamma babana ya ba mijina takalman ya ce ya bi shi da su.

Ni ba ni da haƙuri, duk garin an sani. Wata ranar kasuwa na tare Baffa a bayan gida, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, kaso kake tsoro? Cikin gida wa za shi ji ku? Tsohon ga ƙarewa yake yi."

Ya ce, "Ɗiyata, ni da na kwana daji da kuraye ba kaso ka ba ni tsoro ba. Na san zuciyar ubanki kamar tahin hannuna. Amma in na zage shi dole shi rama, in kuwa ya ce mini ɓarawo yanzu, ganga nike ji bayan maganar. Na gwada a raina, ban iya ba."

Ban gaya wa babana wannan magana ba. Ina jin ya riga ya sani, don shi ma kalmomin sun yi masa nauyi tun ranar da aka nuna shi da yatsa a gindin gawo.

Da kakar wata shekara ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Aka aika zango. Baffa ya zo da hantsi, autansa ya rako shi, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana riƙe da sandar uban a hannun hagu. Ina zaune wajen ƙafafun babana ina yi masa fifita. Ya buɗe ido, ya ga wanda ya shigo, na ga ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa. Muryar da kyar take fita.

"A ɓoye awaki," ya ce. "Ɓarawo ya shigo."

Shi ya fara, abin da bai taɓa yi ba, don kullum Baffa ke buɗe wasa. Ya tsaya yana jira, har da ɗan murmushi. Na ga amawalin Baffa na motsi, na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina yau dai za a yi. Sai ya waiga bakin ƙofa, inda ɗansa ke tsaye da hannunsa a maƙale a ƙirji. Ya juyo ya kama hannun babana ya ce, "Allah shi ba ka lahiya, ɗan'uwana."

Babana ya juya fuska bango. Bayan sun tafi ya ce mini, "Kin ji? Ɗan'uwana ya ce mini." Ita ce magana mai tsawo ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Bai kai ranar kasuwa ta gaba ba.

Da safe ya cika. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka fitar da shi ƙofar gida aka sallace shi. Mu mata muna ciki, ni ina jikin danga inda nake iya ganin waje. Gari duk ya fito, har da yaron maigari mai kai rahoto, har da makaɗin, wanda ya daɗe da dawowa daga kaso ya koma noma ba ganga. An ɗaga makara ke nan sai ga Baffa a kan jaki, yana dukansa da dunduniya. Ya sauka ya saki igiyar, ya tsaya a tsakiyar hanya gaban makarar. Ya sa hannu ya ja amawalinsa ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin bakinsa ba sai ranar, ashe haƙoransa ma sun zube.

"Ku aje shi," ya ce. "Ina za ku kai mini bawa ba ku tambaye ni ba?"

Suka dubi liman, liman ya yi musu alama, suka sauke.

Ya sunkuya kan makarar, da irin muryar da muke ji tun daga bakin rijiya. "Kai mai ciki kamar rumbu. Rago, wanda jaki ya hi shi sanin hanya. Bahaushen da bai san gaban saniya da bayanta ba. Ɓarawon takalma, ka ɗauka ban san cikin rumbu ka sa su ba? Tashi ka kama mini jaki."

Ba wanda ya motsa. Yaron maigari ya sunkuyar da kai, makaɗin ya rufe fuska da hannun rigarsa. Baffa ya miƙe tsaye, ya harɗe hannu a baya kamar yadda yake yi in ya gama nasa.

"To, rama," ya ce. Ya jira. "Ga ni gabanka. Rama mana."

Na san amsar. Na san ta kalma bayan kalma, da inda babana ke jan murya da inda yake tsayawa ya yi dariya, kuma ta zo mini har bakin leɓe. Amma Baffa uba ne a wurina, ba taubashina ba, in ta fito daga bakina zagi ce kawai. Na cusa gefen mayafina a baki na cije.

Ya daɗe a tsaye. Daga baya liman ya matso ya dafa masa kafaɗa ya ce rana na yi. Baffa ya mayar da amawalinsa, ya sunkuya ya sa kafaɗa ƙarƙashin makarar ta wajen kai, aka ɗaga, suka tafi.

Jakin ya tsaya a ƙofar gida da igiyarsa a ƙasa. Da mazan suka sha kwana na fita na kama shi, na ɗaure a turken da babana ke ɗaure shi, na kawo masa ruwa.